Hannun da Baffa Ya Yi Ta Miƙawa

Daga Allah muke, kuma gare Shi Baffa ya koma, ranar wata Juma'a da hantsi, a ɗakinsa da ke unguwar Bolori, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Yayan mahaifina ne, shi ne babba a gidanmu, shi ya nema mini aure, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. Ina rubuta wannan ne domin na ga mutane sun fara ba da labarinsa a hargitse, wani ya sa ƙarshe a farko, wani ya ƙara abin da ba a yi ba. Ni ina wurin, kuma ba na son hargitsi.

Zan fara da zaman makoki. Tabarmi sun cika layinmu har mai shayi ya janye teburinsa ya ba mu wuri. Yawancin waɗanda suka zo masu kawo masa wankin hula ne, domin sana'arsa ke nan. Wani ɗan kasuwa Bakano ya cire hularsa a gaban jama'a, yana juya ta a hannu.

"Ku dubi bakin nan," in ji shi. "Wa zai ƙara tsayar mini da hula haka? Yaran yanzu sai su mayar maka da ita kamar kwanon awo."

Wani dattijo da ya taso tun daga unguwar Mairi ya ce shi ba hula ce ta dame shi ba. "Gaisuwarsa zan yi kewa. In ya kama hannunka ba ya saki sai ya tambayi kowa a gidanka, har akuya."

Aka yi 'yar dariya. Kowa ya shigo sai ya yi gaisuwa, ya zauna, ya saci kallon ƙarshen tabarma inda surukina, mahaifin matata, yake zaune shi kaɗai, hannuwansa a kan gwiwa. Unguwa duka ta san cewa tun aurena Baffa yake miƙa wa mutumin nan hannu duk Juma'a, shi kuwa bai taɓa karɓa ba. Abin da ya kawo shi kan tabarmarmu zan faɗe shi a wurinsa. Sai an san hannun tukuna.

Asali Baffa kafinta ne, kamar mahaifinsu. Yana saurayi suna buga rufin wani gida a GRA, iska ta taso, kwano ya zamo daga sama. Ya sa hannun dama ya tare don kada ya sauka a kan na ƙasa, kwanon ya yanke shi sama kaɗan da wuyan hannu. An ɗinke a asibiti, ciwo ya warke, amma jijiyoyin da ke motsa naman tafin hannu sun tafi. A hankali naman ya tsotse, tafin ya lotsa, yatsun suka tanƙware baya daga tushe, kawunansu suka lanƙwaso ciki kamar ƙafar shaho. Ba su ƙara miƙewa ba. Ƙarfin damtse yana nan, yana iya rataya bokiti a yatsun kamar a ƙugiya, amma ba ya iya riƙe ƙusa. Kuma ba ya jin zafi ko sanyi a yawancin hannun.

Da guduma ta gagara sai ya koma wankin hula. Yakan wanke, ya sa sitaci, ya ɗora kan katako, ya shanya, sannan ya goge da dutsen guga na gawayi. Yatsun nan da suka lanƙwashe su yake saƙalawa a bakin hula ya ja ta kan katako har ta zauna daidai, kuma ban ga mai lafiyayyen hannu da ya kai shi ba. Sai dai dutsen guga yakan ƙona shi bai sani ba. Shi ya sa hannun ya cika da tabo, kuma shi ya sa baƙo in ya gani abu ɗaya yake zuwa masa a rai, wato kuturta.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ta mayar da duba hannun nan aikinta. Kullum bayan la'asar takan fito da gwangwanin man kaɗanya, ta zauna gabansa, ta ce, "Malam, kawo." Ta juya hannun, ta buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya tana neman sabuwar ƙuna.

"Ka sake ƙonewa."

"Ban ji ba."

"Ai da ka ji da ban zauna nan ba."

Kusan kullum maganar ke nan, ba ƙari. Ba su sami haihuwa ba. Mu ne 'ya'yansu.

Baffa yana da ƙa'ida a kan hannun nan, kuma bai taɓa sassauta ta ba. Da shi yake ci, da shi yake bayarwa, da shi yake karɓa, da shi yake gaisawa. Wani baduku ya ɗinka masa 'yar fata da yake zura cokali a ciki ya ɗaura. Tuwo kuwa da yatsun yake yankowa. In mutum ya tausaya ya miƙo masa hagu don ya sauƙaƙa masa, sai ya tsaya yana kallonsa har ya sauya. Yakan ce, "Allah bai karɓe shi ba, sauya masa fasali Ya yi. Dama ce har yanzu." Gaisawa da shi tana da tsari: kai za ka zura hannunka ƙarƙashin yatsun, su rufe a kai, sannan ya ja ka kusa da ƙarfin damtse. Wanda ya saba ba ya mantawa.

Yanzu sai ranar neman aurena. Ban je ba, ba a zuwa da ango. Mahaifina ne ya ba ni labari, daga baya Baffa ya gyara wuraren da ya ƙara gishiri. Suna hanya mahaifina ya ce, "Yaya, ka bar hannun cikin riga. Ni zan yi musabaha, kai ka yi magana."

Baffa ya ce, "In na ɓoye shi yau, ranar suna ma zan ɓoye shi?"

Gidan su matata tsofaffin 'yan gari ne, Barebari, masu mutunci, kuma sun karɓe su da kyau. Baffannin yarinya suka yi ta "wushe, wushe," wato sannu da Barbarci, kowa ya zura hannu ya gaisa. Sai mahaifinta ya shigo zauren. Baffa ya miƙe ya miƙa hannu. Mutumin ya dubi hannun, fuskarsa ta sauya, ya ɗora nasa a ƙirji ya ɗan sunkuya. Da aka kawo abinci, burabusko da miya, a babban tire, sai ya sa aka zuba wa Baffa nasa dabam a ƙaramin kwano.

Mahaifina ya yunƙura zai tashi. Baffa ya ce, "Zauna." Ya ja kwanon, ya yi bisimilla, ya cinye tas da hannun nan, ya ce miya ta yi daɗi.

Mahaifin yarinya ya ce, da Hausarsa mai nauyin Barbarci, "Malam, ka yi haƙuri, 'ya zan bayar. Wannan abin, yana cikin jininku ne?"

"Kwanon rufi ne, Alhaji. In kwano yana bin jini, to yana cikin namu, don kafintoci ne mu kaka da kakanni."

Baffannin suka yi dariya, aka ba da aure. A bakin ƙofa Baffa ya sake miƙa hannu, mutumin ya sake dafe ƙirji. Baffa ya ce, "Ba komai, Alhaji. Zai jira ka."

Masallacin Juma'armu ɗaya. Daga wannan makon, da an sallame, Baffa yakan ratsa sahu ya je inda surukina yake zama kusa da ginshiƙi, ya yi sallama, ya miƙa hannu, ya bar shi a miƙe gwargwadon yadda mutum zai amsa sallama. Surukina ya amsa da baki, ya dafe ƙirji. Baffa ya ce, "Allah Ya kai mu ta gaba," ya juya. Ba ya ƙara kalma, ba ya ɓata fuska. Haka aka yi ta yi tun ina sabon ango har na aurar da 'yata ta fari. Ko a shekarun da gari ya rikice, ana laluben mutane a ƙofar masallaci, wasu suna sallarsu a gida, Baffa bai fasa ba.

Matata ce ta gaya mini dalilin mahaifinta. Yana yaro yayansa ya kamu da kuturta. Yana gani yatsun suka lanƙwashe, aka ware masa kwano, aka hana yara taɓa shi, daga baya aka kai shi bayan gari, bai dawo ba. Ni na ce wannan dalili ne amma ba uzuri ba ne, kuma har yau ra'ayina ke nan. Da na kai wa Baffa maganar sai ya ce, "Ashe ba ni yake gudu ba. Yayansa yake gani. Ɗana, kada in ji ka rage masa gaisuwa."

Abin mamaki, hulunan surukina duka Baffa ke wanke su. Matata ke kawowa a ƙulle cikin ɗankwali, ta mayar. Baffa yakan ba su kulawa fiye da na kowa. Ran nan yana jan wata kan katako ya dube ni ya ce, "Ka ga kan surukinka ya yarda da ni tuntuni. Hannunsa ne mai taurin kai."

Rigima ɗaya na san ya yi da mahaifina, kuma a kan wannan ce. Wata Juma'a sun dawo, mahaifina ya jefar da dardumarsa a zaure.

"Yaya, ya isa. Mutane suna tsayawa kallo. Har yara sun san lokacin. Kana zubar mana da mutunci a gaban wanda bai kai ka ba."

"Roƙonsa ka ga ina yi?"

"To me ake kiran wannan?"

"Gaisuwa. Kaiwa tawa ce, karɓa tasa ce. Ni ina sauke tawa."

"Sai yaushe?"

"Sai ɗayanmu ya daina zuwa masallaci."

Mahaifina ya yi fushi sosai, ya daina cin abinci a tire ɗaya da shi. Inna ce ta raba gardamar. Ta zuba wa mahaifina nasa a ƙaramin kwano ta ajiye masa a gefe, ta ce, "Ga naka dabam, tunda kai ma ka koma gidan Alhaji." Ya dubi kwanon, ya dubi yayansa, ya matso tire.

Ni ma ban gane abin da Baffa yake karewa ba sai ranar da 'yata ta fari, tana ƙarama, ta dawo daga kwana gidan kakanta na wajen uwa. Baffa yana zaune a ƙofa, ya kira ta yadda ya saba. "Amaryata, zo ki karɓi dabino." Yarinyar ta zo, ta tsaya, ta mayar da hannuwanta baya.

"Ajiye a ƙasa in ɗauka," in ji ta.

Na tashi zan hukunta ta, ya hana ni da ido. Ya ce mata, "To amarya, dabinon ya maƙale. Yatsun nan ba sa buɗuwa sai an taimaka musu. Ko za ki ciro mini?" Ta matso, ta sa 'yan yatsunta tana zaƙulo dabino ɗaya ɗaya daga cikin nasa. Kafin ta gama tana dariya, tana cewa hannun Kaka asusu ne.

Da ta shiga gida ya ce mini, "Ka gani? Yaran nan jikokina ne, jikokinsa ne. Ran da na daina miƙawa, za su ɗauka shi ne ya yi gaskiya. In dai suna ganina ina miƙawa ban ji kunya ba, za su san ba abin kunya a nan." Tun daga ranar ban ƙara ce masa ya bari ba. Na koma tsayawa a bayansa duk Juma'a, kuma ina shaida cewa ban taɓa ganin hannun ya yi rawa ba.

Sau ɗaya aka sami tsaiko, lokacin annobar korona, da aka ce a daina musabaha. Baffa mai bin doka ne, ya bi. Ya dawo gida yana murmushi ya ce, "Yau duk garin ya shiga ɗariƙar surukinka, kowa hannu a ƙirji." A makonnin nan daga nesa yake ɗaga masa kai ya wuce. Ni kuwa na lura da wani abu. In an sallame, surukina ba ya tashi. Yakan zauna jikin ginshiƙin yana waige har sahu ya watse. Na gaya wa Baffa. Ya ce, "Na gani. Kada ka faɗa wa kowa, kunya za ta kama shi." Da aka koma musabaha ya koma miƙawa, surukina ya koma dafe ƙirji. Sai dai yanzu yakan daɗe yana kallon hannun kafin ya amsa.

Saura ranar rasuwa. Juma'ar da ta gabace ta Baffa bai iya fita ba. Ya tambaye ni ko Alhaji ya zo masallaci, na ce ya zo. Ya ce, "To an bar shi yana jira." Bai ƙara maganar ba. Da Allah Ya karɓi abinsa da hantsin Juma'ar da ta biyo, aka shirya a yi wanka kafin azahar, a sallace shi bayan an sauko daga sallar Juma'a. Mu uku ne za mu shiga: limamin unguwa, da mahaifina, da ni. An kawo ruwa ke nan sai ga surukina a tsakar gida yana dogara sanda, abin da bai taɓa yi ba, domin iyakarsa zaure.

Ya ce, "Ina so in shiga."

Mahaifina ya tare ƙofa. "Alhaji, yana da rai ba ka taɓa shi ba. Yau me za ka shiga yi?"

Surukina ya tsaya a inda yake, bai juya ba. Ni na rasa bayan wanda zan bi, domin ɗaya ubana ne, ɗaya uban matata. Sai muryar Inna ta fito daga bayan labule, a dashe amma a tsaye.

"Ku ba shi hanya. Malam ya ce zai jira shi. Ga shi nan kwance, bai tafi ba tukuna."

Mahaifina ya matsa.

Malamai sun hana mai wanka faɗin aibin da ya gani, amma sun halatta faɗin alheri, saboda haka zan faɗa. Liman ya fara yadda aka saba, ya tsarkake shi, sannan aka zo alwala. Alwala da hannun dama take farawa. Liman ya kai hannu zai ɗauka, surukina ya ce, "Liman, bar mini wannan." Aka miƙa masa safar hannu irin wadda muka sa, ya girgiza kai. Ya ajiye sanda, ya durƙusa da ƙyar, ya naɗe hannun riga.

Ya ɗauki hannun Baffa da hannuwansa biyu tsirara. Ina zuba ruwa yana wankewa. Ya bi tafin da ya lotsa, ya bi tabon yankan kwano, ya bi tabon ƙuna ɗaya bayan ɗaya, ya buɗa tsakanin yatsu kamar yadda Inna take yi. Ban san inda ya koya ba. Liman ya ce a kawo ruwan ɗumi a gwada miƙar da yatsun kafin a sa likkafani.

"A'a," in ji surukina. "A bar shi. Haka ya kawo mini shi."

Sannan ya zura hannunsa na dama ƙarƙashin yatsun, daidai yadda ake yi, kamar wanda ya shekara yana kallon yadda wasu suke yi. Yatsun suka zauna a bayan hannunsa. Na san ba motsi suka yi ba, fasalinsu ke nan tun kafin a haife ni. Amma duk wanda ya leƙo ɗakin a lokacin zai rantse Baffa ne ya riƙe shi. Ya daɗe a haka, kansa a sunkuye. Ya yi wata magana da Barbarci a hankali, na ji sunan da ake kiran yaya a ciki, ban san ko da Baffa yake ba ko da wancan da aka kai bayan gari. Sannan ya ce da Hausa, "Malam, na zo. Na makara, amma na zo."

Ba wanda ya ce a yi sauri, ko liman. Mahaifina ya juya fuskarsa bango.

Wannan shi ne abin da ya faru, a jere, ba ƙari ba ragi. Masu cewa surukina ya makara sun yi gaskiya, shi ma ya faɗa da bakinsa. Masu cewa Baffa ya yi asarar shekarunsa ba su san shi ba. 'Yata ta fari, wadda ta taɓa ɓoye hannuwanta, ita ce ta roƙi Inna ta ba ta 'yar fatar cokalin, ta ce za ta nuna wa 'ya'yanta.

Juma'ar da ta biyo, da aka sallame, na ga surukina ya dafa ginshiƙi ya miƙe. Ya ratsa sahu da sandarsa, mutane suna matsa masa, har ya iso inda mahaifina yake. Ya yi sallama, ya miƙa hannu, ya bar shi a miƙe. Mahaifina ya dubi hannun, bai motsa ba. Na san yana tuna ƙaramin kwanon nan.

Surukina ya ce, "Ba komai. Zai jira ka."

Mahaifina bai bari ya jira ba. Ya kama.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba Inna haƙurin la'asar da ba wanda za ta ce wa "kawo." Ranar da za a raba wa bayi sakamako, Allah Ya sa nasa a wannan hannun na dama, wanda bai taɓa ɓoyewa a riga ba. Amin.